WAYA DA KWAMFUTA A ƘASAR ZOBE: DARASIN WATANNI UKU NA RASHIN LAYI

A cikin watan Satumba na shekarar 2021 ne mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, da na ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, suka wayi gari wayoyinsu sun yi tsit. Gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ita ce ta sa aka rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da waɗannan biyu, domin a toshe wa 'yan bindiga kafar samun labari daga masu tsegunta musu. Ba a maido da layi a wannan yanki ba sai a watan Disamba na shekarar.

A cikin waɗannan watanni uku ne jama'a suka gane yawan abin da suka rataya a wuyan wannan 'yar na'ura. Ma'aikaci ba ya iya sanin ko albashinsa ya shiga sai ya kama hanyar Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60. Ɗalibin da ya bar littattafansa a intanet ya zama tamkar wanda aka kulle wa ɗakin karatu aka tafi da mabuɗin. Masunta da manoman rani na bakin Zobe, waɗanda suka saba jin farashi ta waya kafin su ɗora kaya a mota, suka koma ciniki a makance. Shekaru sun shuɗe, amma darasin yana nan ga duk mai son ɗauka.

YADDA AKA ZO NAN

Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1980 ba za su manta da yadda saƙo ke tafiya ba. Takarda ce ake bugawa da tafireta, a ba masinja, ko a kai gidan waya a jira mako guda. An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, a lokacin da layi ɗaya ke kai wa Naira 20,000, sa'an nan Glo ya shigo a 2003 da tsarin biyan kuɗin kira bisa daƙiƙa, abin da ya karya farashi.

Dutsin-Ma kuwa tun asali garin makarantu ne. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wadda ta jawo dubban ɗalibai daga sassan ƙasar nan. Tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, watau yaron Kurfi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna a ɗaki guda da ɗan birnin da ya girma da ita, a ba su lokaci iri ɗaya. Haka nan lambar banki ta BVN da aka fito da ita a 2014, da umurnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disamba na 2020, sun mayar da ƙaramin katin da ke cikin waya mabuɗin asusun mutum. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin Naira a farkon 2023 shi ya ƙarasa tura sauran jama'a wurin masu na'urar POS.

RA'AYI YA SHA BAMBAN

Akwai masu ganin cewa wayar zamani ta fi ɓata ɗalibai a kan gyara su, domin rabin dare na tafiya wajen kallon bidiyo, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bayyana a ƙarshen 2022 wasu suna miƙa aikin da ba su san abin da ke cikinsa ba. Akwai kuma masu cewa laifin ba na na'ura ba ne, tun da da ita ce ɗan talaka ke karanta littafin da iyayensa ba za su iya saye ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Sai dai madatsar Zobe kanta ta isa misali. An kammala ginin ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, amma sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha da aka tsara a kanta. Shekara 38 ke nan. Mallakar abu daban, cin amfaninsa daban, kuma haka lamarin yake ga mai waya ta Naira dubu ɗari da bai san yadda zai tsare ta ba.

AJIYA TUN KAFIN RANI

Abu na farko shi ne ajiya. Duk takardar da ke da muhimmanci, kamar kundin kammala karatu, ko takardar ɗaukar aiki, ko ta ƙarin girma, ko shaidar biyan kuɗin makaranta, ya kamata ta zauna a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filas da aka ajiye a wani ɗaki dabam, da kuma cikin imel ko ma'ajiyar intanet. Wanda ya dogara da intanet kaɗai ya ga abin da ya faru a 2021. Wanda ya dogara da kwamfuta kaɗai, ɓarawo ɗaya ko lalacewar na'ura sun isa su shafe masa aikin shekara. Ɗalibi ya riƙa sauke littattafai da laccoci ya adana tun layi na da ƙarfi. Lambobin mutane goma da suka fi muhimmanci kuwa a rubuta su da biro a littafi.

TSARON ASUSU

Na biyu shi ne lambar sirri. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar katinsa ta sirri, ko lambar nan ta wucin gadi da ake aikowa ta saƙo. Duk wanda ya kira ya nemi ɗaya daga cikinsu, ko da ya faɗi cikakken sunan mai asusu da ranar haihuwarsa, ɗan damfara ne, sai a kashe wayar. Haka lambobi shida da WhatsApp ke aikowa: wanda ya karanta wa wani su ya miƙa masa shafinsa, kuma da sunansa za a bi 'yan'uwa da abokan aiki ana roƙon kuɗi. Maganin wannan shi ne kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar.

Har ila yau, mutane da yawa suna kulle fuskar waya su bar katin layi a buɗe, alhali ɓarawo cire katin yake yi ya sa a wata wayar ya shiga asusu da lambobin banki. Saboda haka a sa wa katin layi tasa lambar sirri. In waya ta ɓata, a fara sanar da banki a rufe asusu, sa'an nan a je kamfanin waya a toshe layin. A wurin mai POS kuma kada a ba kowa kati ya juya baya da shi, kuma a rufe hannu yayin danna lamba.

ZAFI DA ƘURA DA TSAWA

Na uku shi ne lafiyar na'urar. A bazara zafin wannan yanki yana kai wa digiri 40, alhali batirin waya ya fi son abin da bai wuce 35 ba. Barin waya a gaban mota cikin rana, ko caji a ƙarƙashin matashin kai, yana gajarta ran batir, kuma batirin da ya kumbura a daina aiki da shi nan take domin yana iya kama wuta. Ya fi kyau caji ya riƙa zama tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari in hali ya yi. Da hunturu ƙura tana toshe ƙofofin iskar kwamfuta har ta riƙa mutuwa da kanta, don haka a rufe ta da ƙyalle bayan aiki, kada kuma a ɗora ta a kan katifa. Da damina a zare waya daga soket in hadari ya taso, haka nan a daidai lokacin da ake tada janareto.

KUƊIN DATA DA SAYEN TA HANNU

A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai ƙaramin albashi zai rage asara in ya hana manhajoji sabunta kansu da data, ya kuma hana WhatsApp sauke kowane bidiyo da aka turo. Lambar *323# tana nuna ragowar data a kowane layi, aika STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla, mai ƙorafin da kamfani ya ƙi saurara kuwa yana iya kiran hukumar a 622 kyauta.

Mai shirin sayen kwamfuta ta hannu ya sani cewa kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Kafin a biya kuɗi a tambayi wannan, a cire caja a ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, a gwada kowane maɓalli. Tsohuwar da ba ta ɗauka ba lallai a jefar da ita ba, domin manhajar Linux kyauta ce, kuma ta isa rubutu da lissafi da karatu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke bukatar kuɗi mai yawa ko ilmin injiniya. Yawancinsu aikin rabin sa'a ne. Ya rage ga shugabannin makarantu da na ofisoshi a Dutsin-Ma da Kurfi su ware wannan lokaci su koya wa na ƙasa da su, domin ranar da layi zai ɗauke, ko waya ta faɗa hannun ɓarawo, ba a sanar da kowa tun da wuri.