Ƙashi a Cikin Jijiya: Me Magungunan Hana Tsatsar Jiki Za Su Iya Yi?



A shekarar 2013, mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a kan busassun gawarwaki 137 na mutanen da, waɗanda aka samo daga Masar da Peru da wasu sassan Amurka. An saka su a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT, sai aka ga alamun cutar jijiyoyin jini a jikin 47 daga cikinsu. Sinadarin kalsiyam da ya daskare a bangon jijiyoyinsu shi ya tona asirin cutar, domin nama ya bushe amma shi yana nan. Ke nan wannan matsala ta daɗe tana tare da ɗan'adam.

Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jikinmu yana cikin ƙashi da haƙori, kuma can ne muhallinsa. Idan ya haɗu da sinadarin fosfet ya zauna a bangon jijiya, sai jijiyar ta sandare. Lafiyayyar jijiya tana buɗewa da kowane bugun zuciya, sannan ta koma. Wadda ta sandare ba ta yin haka, sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfin tsiya, lambar sama ta awon jini ta hau, naman zuciya ya yi kauri. A ƙafar mai ciwon sukari kuwa, jini ya ragu, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Tsofaffi da masu ciwon sukari suna fama da ita, amma babu wanda take yi wa saurin kamu kamar mai ciwon ƙoda, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda. Irin waɗannan bayin Allah, ciwon zuciya da na jijiya ne ya fi yin ajalinsu.

An daɗe ana ɗauka cewa kalsiyam ɗin taruwa kawai yake yi saboda tsufa. A 1993, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ƙarƙashin Dakta Linda Demer, suka gano a cikin jijiyoyin mutane wani furotin da aikinsa gina ƙashi ne. Daga nan fahimta ta sauya. Ashe ƙwayoyin naman bangon jijiya ne suke barin aikinsu su koma aikin magina ƙashi. Suna kunna wani makunni mai suna Runx2, wanda ƙwayoyin ƙashi ke amfani da shi, su fara gini a inda bai kamata ba.

To, me ke sa su wannan sauyi? Yawan fosfet a jini yana gaba-gaba. Sai kuma abin da ya kawo mu yau. Kamar yadda iska da danshi ke sa ƙarfe tsatsa, haka jiki, wajen ƙona abinci da iskar oksijin, yake fitar da wasu burbushin sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa. Hayaƙin taba da yawan sukari a jini da dattin da ƙoda ta kasa tacewa duk suna ƙara su. A 2008, a Jami'ar Alabama da ke Amurka, aka zuba ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai a kan ƙwayoyin jijiya a ɗakin gwaji, sai ga shi sun kunna Runx2 sun fara tara kalsiyam.

Duk mai hankali da ya ji haka zai ce, to a ba da abin da ke kashe kaifin waɗannan sinadarai mana. Su ne ake kira antioksidan: bitamin C, bitamin E, da ire-irensu da ke cikin ganye da 'ya'yan itace. Kuma a jikin dabbobi, abin ya yi kyau ƙwarai. A 2012, masu bincike a Japan suka ba ɓeraye masu ciwon ƙoda wani sinadari mai suna tempol, daskarewar kalsiyam ta ragu. An samu makamancin haka da kwasetin da ke cikin albasa, da resberatirol na ɓawon inabi, da kakumin na kurkum.

Da aka zo kan mutane, labari ya sha bamban.

A jihar New York, an ɗauki mutum 1,005 waɗanda hoto ya nuna suna da kalsiyam mai yawa a jijiyoyin zuciya. An raba su biyu: rukuni ɗaya aka ba su bitamin C da bitamin E masu yawa tare da maganin rage kitsen jini, ɗayan rukunin aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Bayan fiye da shekara huɗu, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna kalsiyam ya ci gaba da ƙaruwa daidai wa daida a rukunonin biyu. Wani babban gwaji mai suna HOPE, da ya ƙunshi mutum fiye da 9,000, bai ga wata kariya ga zuciya daga bitamin E ba, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu sai aka ga gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a cikin masu shansa. A Finland kuwa, a wani gwaji da sakamakonsa ya fito a 1994, an ba mashaya taba ƙwayar beta-karotin da fatan kare su, sai sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari.

Adalci ne a faɗi inda aka ga haske. A Isra'ila, a wani gwaji da sakamakonsa ya fito a shekarar 2000, an gwada bitamin E a kan masu wankin ƙoda 196, aka ga raguwar ciwon zuciya. Akwai kuma ƙananan gwaje-gwaje a Amurka da suka nuna wani tataccen haɗin tafarnuwa yana ɗan rage saurin taruwar. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma rage saurin gini daban yake da rushe shi. A asibitoci, likitocin ƙoda suna amfani da sinadarin tayosalfet ta jijiya ga masu wata muguwar cuta da kalsiyam ke toshe ƙananan jijiyoyin fata har ta mutu. Wannan aikin asibiti ne, kuma har yanzu ana tantance ƙarfin amfaninsa.

Me ya sa ɓera ya amfana, mutum bai amfana ba? Ɓeran dai ana ba shi maganin ne tun ginin bai fara ba, ko yana farawa, kuma da yawan da mutum ba zai iya sha ba. Mutum kuwa yana zuwa ne bayan shekara ashirin ko talatin ana ginin. Sannan waɗannan burbushin ba duka ne abokan gaba ba: da su sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, da su ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo. Kuma ɓarnar tana faruwa ne a wani lungu can cikin ƙwayar jijiya, inda bitamin da aka haɗiya ba lallai ya isa ba. Shi ya sa masu bincike yanzu suka fi karkata ga maganin da zai je ya rufe ainihin wurin da ake ƙera burbushin.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne mai ciwon ƙoda. Shi ne ya fi buƙatar mafita, shi ne kuma mai tallan "maganin wanke jijiya" a kasuwa da tasha da wayar salula ya fi saurin samu. Alhali bitamin C mai yawa yana rikiɗewa ya zama sinadarin okzalet, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa, sai ya ƙara mata ciwo. Ko ayaba da lemo da dabino, masu amfani ga mai lafiya, suna ɗauke da fotasiyam da kan iya taruwa a jininsa ya rikita bugun zuciya. Don Allah, duk mai ɗan'uwa a wannan hali, kada a ba shi wani ƙarin magani ko jiƙo sai likitansa ya sani.

Ga mai lafiyar ƙoda, zogale da alayyafo da tumatir da gwanda da wake abinci ne na gari, a ci su a matsayin abinci. Kada kuma wani ya bar shan nono don tsoron kalsiyam, ƙashinsa yana buƙata. Abin da aka tabbatar yana kare jijiya shi ne riƙe hawan jini da sukari, barin taba, motsa jiki, da rage gishiri. Mai ciwon ƙoda kuma ya kula da fosfet: ya rage lemon kwalba baƙi da naman gwangwani, ya sha ƙwayar ɗaure fosfet tare da abinci idan an rubuta masa, kuma kada ya tsallake ranar wanki.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.