Dunƙule Lissafi a Rumbun Bayanai ta Hanyar Manhajar Tafinta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sa rumbun bayanai na kwamfuta ya dunƙule lissafi da kansa, da kuma wuraren da mai bincike kan yi tuntuɓe.

Asalin Al'amari

A shekarar 1970 ne Edgar Codd na kamfanin IBM a Amurka ya fito da tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar da harshen yi wa irin wannan rumbu tambaya, wanda daga baya aka sani da SQL. Harshen yana da umarni biyar na dunƙulawa: COUNT na ƙirga, SUM na haɗa jimla, AVG na fitar da matsakaici, sa'an nan MIN da MAX na nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma. Kowannensu yakan karɓi layuka masu yawa ya mayar da amsa guda.

To, amma masu rubuta manhaja da harsuna irin su Python da Java ba jadawali suke gani ba, “ɗalibi” da “littafi” suke gani a matsayin abubuwa masu siffofi. Don haka aka ƙirƙiro manhajar da ke tsayawa tsakani tamkar tafinta, tana juya buƙatarsu zuwa SQL. Hibernate ta 2001 da Django ta 2005 suna cikin fitattun misalai.

Yadda Ake Yi

A Django, wadda ta sami wannan dama a 2009, hanyoyi biyu ne. Umarnin aggregate yakan ba da amsa ɗaya a kan jadawali dungurungum, alal misali matsakaicin makin aji. Shi kuwa annotate yakan rataya wa kowane ɗalibi tasa amsar, kamar yawan littattafan da ya ara. Amfanin wannan shi ne lissafin yana ƙarewa a cikin rumbun, ba sai an kwaso dubban layuka an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ba.

Wuraren Tuntuɓe

Na farko shi ne gurbin da aka bari wayam. A ɗauka ɗalibai uku ne: ɗaya ya sami maki 60, ɗaya 80, na ukun ba a shigar da nasa ba. AVG zai tsallake gurbin ya ba da 70. Da sifili aka rubuta masa, da amsar ta gaza 47. Ke nan wajibi ne a tantance tun farko ko rashin maki yana nufin sifili ne.

Na biyu ya fi haɗari, domin ba ya nuna alamar kuskure. A ce ɗalibi yana da darussa 3, ya kuma ari littattafai 2. In aka nemi ƙirgen duka biyun a tambaya ɗaya, tafinta zai haɗa jadawalan, kowane darasi ya yi layi da kowane littafi, a sami layuka 6. Sai amsa ta ce darussa 6, littattafai 6. Wajen ƙirga, ana magance wannan da sharaɗin distinct, wato kada a ƙirga abu sau biyu. Wajen jimla kuwa wannan ba magani ba ne, don zai yar da maki biyu masu kama da juna ya bar ɗaya. Sai dai a raba tambayar gida biyu.

Kammalawa

Tafinta yana rage wahala, amma abin da ya isar wa rumbu shi ake amsawa, ba abin da mai tambaya ya ƙudurta ba. Saboda haka ya kamata mai bincike ya duba SQL ɗin da aka aika a madadinsa, ya kuma jarraba da 'yan layukan da zai iya lissafawa da hannu, kafin ya rataya sakamakon ɗalibi a kan amsar.