Kitsen Jini Ba Duka Ne Abokin Gaba Ba

Da yawa daga cikin mutanenmu na zango, daga Nima har Kumasi, in likita ya ce musu "akwai kolestarol a jininka", sai gabansu ya faɗi, su koma gida su ƙaurace wa nama da ƙwai. To, a yi hattara, maganar ba ta tsaya nan ba.

Shi kolestarol wani maiƙo ne da hanta ke sarrafa mafi yawansa, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da yake maiƙo ba ya narkewa cikin jini, sai an ɗauke shi, kuma 'yan dakon iri biyu ne manya. Na farko, wanda takardar asibiti ke kira LDL, shi ke kai kaya ga sassan jiki, in ya yi yawa ya riƙa jibge shi a bangon jijiyoyin jini har hanya ta cushe, a wayi gari da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Na biyu, wato HDL, shi ke kwaso ragowar ya mayar wa hanta. Don haka ake ce masa mai kyau. A awon asibitocinmu, in ya gaza 1.0 ga namiji, ko 1.3 ga mace, ana cewa ya yi ƙasa.

Yaya za a ɗaga shi? Babban maganinsa ba na saye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Direban da ke wuni a kujera da mai shagon da ba ya tashi sai salla, ku ake nufi. Mai shan sigari in ya daina, HDL ɗinsa na ƙaruwa cikin 'yan makonni. Haka nan rage teɓa. Wajen ci kuwa, wake da gyaɗa da kifin teku mai maiƙo irin su sadin sun fi kitsen nama da biskit. Shayin nan da muke cika wa madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, shi ma yana cikin masu laifi.

Amma fa kada a mai da lambar nan abin bauta. A shekarar 2006 an dakatar da gwajin wani magani a Amurka wanda ya ɗaga HDL ƙwarai, domin masu shansa sun fi mutuwa. Kazalika wani bincike da aka buga can a 2022 ya gano cewa ƙarancin HDL na nuna haɗarin ciwon zuciya ga turawa, amma bai nuna haka ga baƙar fata ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ganina, wanda ya je awo ya tambayi likita lambar LDL ɗinsa tukuna, a gwada hawan jini da sukari a zama guda. In kuma an riga an ɗora shi kan maganin rage LDL, kada ya ajiye don ya ga HDL ya haura.