Kalma da Ajinta: Yadda Turancin Ɗalibi ke Faɗaɗa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka haɗu a mazaɓa guda ta Majalisar Wakilai a kudancin Jihar Katsina, yanki ne da Hausa ke ɗauke da kusan dukkan nauyin rayuwa, tun daga cinikin shanu a kasuwar Sheme har zuwa wa'azi da sasanta rikicin gona, sai kuma Fulatanci a rugage. Turanci bai cika wuce aji da takardar asibiti da jikin kwalbar maganin feshi ba. Duk da haka, wannan harshe da ɗalibi ba ya ji a gida ko a dandali shi ne ke tsare da ƙofar karatun gaba da sakandare, domin ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan a jarrabawar JAMB tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, ko da kuwa likitanci ko aikin gona ɗalibin ke son karantawa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Hanyar da ɗalibai da dama ke bi wajen tara kalmomi ita ce hadda, wato a jera kalmomin Turanci a gefe guda na littafin rubutu, a jera fassararsu ta Hausa a ɗaya gefen, a yi ta bita har su zauna. Hadda ba abin rainawa ba ce a ƙasar da makarantar allo ta horar da ƙwaƙwalwar yara shekaru aru-aru, sai dai irin wannan jeri yana ɗora ɗalibi a kan zaton cewa kowace kalma ma'ana ɗaya gare ta, kuma tana da takwara guda a Hausa, alhali Bahaushe ya fi kowa sanin ba haka harshe yake ba. Kalmar "ci" kaɗai ta isa shaida: ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, kasuwa ma tana ci, kuma Baturen da ya haddace cewa "ci" na nufin sa abinci a baki zai ruɗe ranar da aka ce masa wane ya ci zaɓe. Turanci ma haka yake. Kalmar "concentrate" da malami ke faɗa idan yana son a mai da hankali, ita ce kuma a jikin kwalbar maganin ciyawa take nufin ruwan magani mai ƙarfi wanda sai an sirka shi kafin a fesa. Wani lokaci kuma Hausa ce ke haɗe abin da Turanci ya rarrabe, kamar "ji", wadda ta tattara sauraro da shaƙar wari da jin zafi da fahimta, kowanne da kalmarsa daban a Turanci, ko "ara", wadda ke sa ɗalibi ya rikita "borrow" ta mai karɓa da "lend" ta mai bayarwa.

Abin da ke warware yawancin wannan ruɗani shi ne sanin ajin kalma, wato rukunin da kalma ta faɗa gwargwadon aikin da take yi a cikin jimla. Nahawun Turanci na makaranta ya saba kasa kalmomi gida takwas: suna, da wakilin suna, da aikatau mai nuna aiki ko hali, da sifa mai bayyana suna, da bayanau mai bayyana yadda aka yi aiki ko lokacinsa ko wurinsa, da mahaɗi, da kalmar motsin rai, da kuma ƙananan kalmomin nan masu nuna dangantaka, irin su "in" da "on" da "at". Wannan rabo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin zaure, domin littafin Ajurumiya, na malamin birnin Fas Ibn Ajurrum wanda ya rasu a 1323, da shi ake buɗe karatun nahawun Larabci a ƙasar Hausa, kuma tun a farkonsa ya kasa magana gida uku, suna da fi'ili da harafi. Abin mamaki shi ne yadda ɗalibi ɗaya zai iya yin li'irabin jimlar Larabci da yamma, ya faɗi matsayin kowace kalma, amma da safe a ajin Turanci ba a taɓa nuna masa cewa aikin iri ɗaya ne ba.

Turanci ya fi Larabci ɓoye ajin kalmominsa, domin sau da yawa siffar kalma ba ta canzawa ko da ajinta ya canza, sai dai a gane ta wurin zamanta a jimla. "Water" ruwa ne idan suna ce, ban ruwa ne idan aikatau ce. "Plant" tana iya zama tsiro, ko shukawa, ko ma masana'anta. Akwai kuma waɗanda nauyin murya ke rarrabewa, kamar "produce", wadda idan aka danna gaɓarta ta farko take nufin amfanin gona irin masarar da ake lodi daga Sabuwa zuwa kasuwar Dandume, idan kuma aka danna gaɓa ta biyu ta koma aikatau mai nufin samarwa. Kunnen Bahaushe ya riga ya horu da irin wannan bambanci, tunda karin sauti da tsawon wasali ne ke raba "fara" ta farawa da "fara" ta launi da "fara" mai cin amfanin gona, duk kuwa da cewa a rubuce abu ɗaya ne. Saboda haka kalmar da aka koya da ido kawai, ba a ji yadda ake furta ta ba, rabinta aka koya, kuma takardar WAEC ta uku, wadda ke gwada sautuka da nauyin murya, takan tona wannan asiri.

Masu tsara jarrabawa sun daɗe da gane cewa ma'ana da aji ba sa rabuwa. A sashen fahimtar rubutu na WAEC ana zaɓo kalmomi daga cikin nassin da aka bayar, a nemi ɗalibi ya kawo wasu da za su iya maye gurbinsu daidai yadda aka yi amfani da su a wurin. Idan nassin ya ce manoma sun sayar da masararsu "reluctantly", wato ba da son ransu ba, amsar da za ta shiga gurbin ita ce "unwillingly", domin duka biyun bayanau ne. Wanda ya rubuta "unwilling" ya san ma'anar sarai, amma ya kawo sifa a mazaunin bayanau, kuma makin ya tafi. A wannan sashe ne kuma ake ciro wani yanki na jimla a tambayi sunansa a nahawu da aikin da yake yi, tambayar da ɗalibai da yawa ke tsallakewa tun kafin su karanta ta.

Inda sanin aji ya fi biyan wahalarsa shi ne fannin tsira, wato yadda kalmomi da dama ke tsirowa daga saiwa guda ta hanyar liƙa mata ɗafi, ko dai a gaba, wanda masana nahawun Hausa ke kira ɗafa-goshi, ko a baya, wanda suke kira ɗafa-ƙeya. Yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san cewa daga "ƙera" ake samun ƙira da maƙeri da maƙera, daga "ƙarfi" kuma ake samun ƙaƙƙarfa da ƙarfafa, kuma ba zai taɓa sa ɗaya a wurin ɗaya ba. Turanci na da irin wannan tsari, kuma ɗafa-ƙeyarsa kan fallasa ajin kalma tun kafin a san ma'anarta: abin da ya ƙare da "-tion" ko "-ment" ko "-ness" ko "-ity" kusan kullum suna ne, mai ƙarewa da "-ous" ko "-ful" ko "-able" galibi sifa ce, "-ise" da "-ify" na gina aikatau, "-ly" kuwa yawanci bayanau take haifarwa, ko da yake "friendly" da "costly" sifofi ne da ke yaudarar mai gaggawa. Wanda ya koyi "fertile", mai nufin ƙasa mai albarka, ya kamata a zama ɗaya ya tafi da "fertility" da "fertilise" da "fertiliser", wato takin da ake rububinsa kowace damina, da kuma kishiyarta "infertile". Kalma ɗaya ta zama biyar ke nan, kuma kowacce an san mazauninta.

Dalilin da ya sa manyan kalmomin Turanci suka fi bin wannan tsari yana cikin tarihin harshen. Bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon lokaci, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da ilimi, daga baya masana kimiyya suka riƙa ƙera sababbin kalmomi daga saiwoyin Latin da Girkanci. Shi ya sa Turanci ke da kalmomi hawa-hawa a kan abu guda, "ask" ta yau da kullum, "question" ta rubutu, "interrogate" ta ofishin 'yan sanda, kwatankwacin yadda Hausa ke ajiye "mutuwa" kusa da "wafati" da ta aro daga Larabci, kowacce da wurin da ta dace. Saiwoyin nan ba su da yawa idan aka kwatanta da kalmomin da suka haifa. Ɗafa-ƙeyar "-cide" daga kalmar Latin mai nufin kashewa take, don haka "herbicide" mai kashe ciyawa ne, "insecticide" mai kashe ƙwari, "fungicide" mai kashe cutar funfuna. "Pre-" kafin ne, "post-" bayan ne, kuma bambancin maganin da aka rubuta wa "pre-emergence" da wanda aka rubuta wa "post-emergence", wato na fesawa kafin ciyawa ta tsiro da na bayan ta tsiro, na iya zama bambancin riba da asara a gonar waken suya a Faskari. Ɗalibin kimiyya da ya san "photo" haske ne, "bio" rai, "hydro" ruwa, "therm" zafi, ya rage wa kansa hadda mai yawa.

Akwai wuraren da ɗabi'ar Hausa ke jan ɗalibi zuwa kuskure. Hausa ba ta da sifofi na asali masu yawa, ta fi son ta ce "mai haƙuri" ko "yana da tsawo", wato ta bayyana hali da suna, shi ya sa "patience" da "patient", ko "confidence" da "confident", ke cakuɗewa a rubutun ɗalibai. Haka kuma Hausa na jam'inta shawara ta ce shawarwari, bayani ta ce bayanai, amma "advice" da "information" da "equipment" sunaye ne da Turanci ba ya ƙirgawa, don haka ba a liƙa musu harafin jam'i, duk da cewa ana ganin haka a allunan shaguna har ma da wasu takardun ofis.

Game da yawan kalmomin da ake bukata, masana sun yi aiki mai amfani. Michael West ya wallafa jerin kalmomi kusan 2,000 mafiya yawan aukuwa a 1953, kuma su ne ke cike mafi yawan kowane shafi na rubutun yau da kullum. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar da dangin kalmomi 570 waɗanda ke yawo a littattafan jami'a ko wane fanni ne, irin su "analyse" da "assume" da "significant", yayin da Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa karanta jarida ko littafin labari ba tare da dogaro da ƙamus ba na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Abin lura shi ne dangi suke ƙirgawa, ba kalma tilo ba, kuma dangi 570 abu ne da ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya gamawa kafin ya kai aji shida idan yana ɗaukar guda biyu a kowace ranar makaranta.

Ƙamus shi ne babban makami, amma kaɗan ne aka koya wa karanta shi. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana da amfani a matakin farko, sai dai mai neman zurfi dole ya koma ga irin ƙamusun Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya tsara musamman domin waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su. A cikinsa ƙananan haruffan da ke biye da kalma, waɗanda ido kan tsallake, su ne ke faɗin ajinta, da ko ana ƙirga ta, da ƙaramar kalmar da take tafiya da ita, tunda ana cewa "depend on" da "comply with", amma "discuss" ba ta ɗaukar "about". Wayar hannu ta sauƙaƙa neman ma'ana, amma mutanen wannan yanki sun ga iyakarta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da waɗannan uku, watanni tara bayan sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, abin da ya jawo rufe makarantun kwana. A inda karatu ke yankewa haka, ƙamus na takarda da littafin rubutu na aljihu ne ke bin ɗalibi duk inda ya koma.

Shi wannan littafin aljihu bai kamata ya zama jeri biyu irin na da ba. Kowace kalma tana bukatar jimlar da aka tsince ta a ciki, da ajinta a wannan jimla, da danginta, da kishiyarta, tunda JAMB na tambayar kalma mafi kusa a ma'ana da kuma kishiya, sannan jimla guda da ɗalibin ya gina da kansa a kan abin da ya sani, ko farashin taki ko hanyar Funtuwa. Bita kuma a warwatse ta fi bita a dunƙule, abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 da ya auna saurin mantuwa, kuma abin da alarammomi ke aikatawa da sunan tilawa. Sai dai tara manyan kalmomi na da nasa tarkon, wanda Hausawa suka riga suka raɗa wa suna dogon Turanci, wato zuba kalmomi masu nauyi domin burge mai sauraro. Mai gyaran takardar insha'i ba ya ba da maki don an rubuta "conflagration", wadda gagarumar gobara ce mai cinye unguwa, a wurin da wutar murhu kawai ake nufi, sai ma ya ja mata layi da jan biro.