Kafin Yaro Ya Haɗa Kwamfutarsa Ta Farko: A Fara Da Wuta, Zafi Da Ƙura

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni bayan sallar La'asar da takarda a hannu. Ya shekara biyu yana taya wani mai ɗaukar bidiyon biki aiki, yana tara 'yan kuɗinsa, mahaifinsa kuma ya yi alkawarin cika masa. Burinsa ya sayi kaya ɗaya bayan ɗaya ya haɗa kwamfuta da hannunsa, wadda zai riƙa tace bidiyon aure da suna da ita, in ya huta kuma ya buga ƙwallon eFootball. "Kawu," in ji shi, "duba mini ko akwai abin da na manta."

Na duba. Fiye da rabin kuɗin ya tafi ga katin hoto, akwatin wuta kuwa ya rubuta "kowanne" a gabansa. Ban ga laifinsa ba, domin waɗanda ya koya a wurinsu ta intanet suna magana ne daga ɗakuna masu sanyi a Turai da Amurka. Mu kuwa a Zongo muke, cikin Wagadugu, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, jar ƙurar hanya da ta hunturu ba ta barin ko cikin akwatin tufafi, wuta kuma takan ɗauke a bazara. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana ta Zagtuli mai megawat 33 a 2017, ƙasar nan tana sayo wani kaso na wutarta daga Gana da Kodebuwa, kuma buƙata kan yi yawa idan zafi ya tsananta. Saboda haka na ce masa mu juya takardar, mu fara daga ƙasa.

Akwatin wuta shi ne ke karɓar bolt 220 daga bango ya rage ta, ya raba wa sauran sassa. Idan ya lalace, ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba. Yakan ja uwar allo da katin hoto su bi shi. Na taɓa ganin haka a gidan wani maƙwabci: wuta ta dawo da ƙarfi, sai ƙauri, aikin wata guda ya tafi. A nemi mai wat 550 zuwa 650, mai ɗauke da shaidar 80 Plus, kuma wannan kada a saye shi a gwanjo ko da mai sayarwa ya rantse. A ɗaga shi a ji nauyinsa. Wanda bai fi kwalin shayi nauyi ba, a bar wa mai shi.

Bayansa sai ondilar, wato batirin da ke riƙe kwamfuta 'yan mintoci idan wuta ta ɗauke, har mutum ya adana aikinsa ya kashe. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikinsa, kamar 650 VA, ba wat ba ce. Irin wannan ƙaramin bai cika ɗaukar abin da ya kai wat 400 ba, sai ka ji yana kuka ya mutu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Kwamfuta mai katin hoto tana son mai 1000 VA ko fiye, kuma a tambaya ko yana daidaita wuta idan ta yi ƙasa ko ta haura. Batirinsa ma zafi na rage masa kwana, don haka a sa canza shi cikin lissafi.

Game da zafi, furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, idan ta kusa digiri 90 zuwa 95 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ke nan wanda ya sayi mai tsada ya saka ta a akwati marar iska, ya biya kuɗin doki ne ya hau jaki. Akwatunan gilashi masu fitilu kala-kala da yara ke so suna da kyaun gani, amma a ganina mai raga a gaba ya fi dacewa da mu: fanka biyu na jawo iska, ɗaya a baya na fitarwa, da matacin ƙura da ake cirewa a wanke. Kada a ajiye shi a ƙasa. A ɗora shi bisa tebur, a rufe da zane idan an kashe, a riƙa hura masa ƙura musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Sai bayan wannan muka zo ga abin da ke ransa. Furosesa da uwar allo kamar takalmi ne da ƙafa, dole mazauninsu ya zo ɗaya. Kamfanin AMD yana da tsohon mazauni AM4 mai aiki da RAM irin DDR4, da sabon AM5 na 2022 wanda ba ya karɓar komai sai DDR5. A ɓangaren Intel, mazaunin LGA1700 yana da alluna na DDR4 da na DDR5, kuma ba a musanya su. Ga mai ƙaramin ƙarfi AM4 bai tsufa ba, musamman ganin yadda farashin RAM ya tashi a ƙarshen 2025. Ryzen 5 5600 mai cibiya shida tana isa ga wasa da tace bidiyo, kuma ba ta da cin wuta. Akwai kuma 'yar uwarta 5600G, wadda ke da ƙaramin katin hoto a cikinta. Da ita ana iya kunna kwamfuta a fara aiki tun kafin a sayi babban kati. Na Intel masu harafin F a ƙarshen suna ba su da wannan; in babu kati, allo baƙi za a gani.

RAM giga 16 shi ne mafi ƙanƙanta, 32 ya fi sauƙin rai ga mai tace bidiyo, kuma sanda biyu sun fi sanda ɗaya gudu. Wurin ajiya kuwa, SSD irin NVMe don manhaja da aikin da ake kai, sannan faifai na biyu mai fadi. Awa ɗaya ta bidiyo daga kyamara mai kyau tana iya cin giga 20, kuma bidiyon ɗaurin aure amana ce: in ya ɓace, ba a sake taron. A ajiye kwafi biyu a wurare daban har a miƙa wa masu shi.

Katin hoto na bari a ƙarshe da gangan. Manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, tana dogara ƙwarai da kati da yawan ma'ajiyarsa. Shi ya sa RTX 3060 na 2021 mai giga 12 yake da daraja a wurin masu tace bidiyo, alhali RTX 4060 na 2023 ya fi shi gudu a wasa amma giga 8 gare shi. Wasan ƙwallo ba ya buƙatar abin da ya fi waɗannan. Wanda zai saya cikin kayan da muke kira "France au revoir" ya yi hattara: bayan Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Kada a biya sai an saka shi a kwamfuta, ya yi rabin awa yana aiki mai nauyi a gaban mai saye. Haka tsofaffin kwamfutocin ofis da ake son ƙara wa kati: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi ƙarni na takwas.

Ga iyaye, shawarata a ajiye na'urar a falo inda kowa ke wucewa, kuma a yi yarjejeniyar lokacin wasa tun kafin a biya kuɗi, don bayan an kunna ta magana kan yi wuyar shiga kunne. Amma kada a raina sana'ar. Birnin da ke karɓar bikin fina-finai na FESPACO tun 1969 ba ya rasa buƙatar mai iya haɗa hoto da sauti, balle bukukuwa da tafsirin azumi da ake son ɗauka kowace shekara.

Ɗan yayata bai ji daɗin sabuwar takardar ba, domin katin da ya yi ta mafarki ya koma layin ƙarshe. Ya sayi 5600G, giga 16, akwatin wuta sabo da ondilar. Mun haɗa ta ranar wata Lahadi bisa tabarma, ta ƙi tashi, muka yi ta zufa, sai daga baya muka gano sandar RAM ɗaya ce ba ta zauna ba. Ya riga ya miƙa bidiyon suna guda biyu, kuɗin kuma yana hannun mahaifiyarsa, ana tara na kati.