TAKARDAR DIGIRI BA TA ƘETARE IYAKA SAI DA HATIMI

Daga Wakilinmu a Gusau

Duk wanda ya zauna da samarin da suka gama jami'a a Rawayya, ko Bunguɗu, ko Tsafe, da wuya a tashi hira ba a taɓo zancen neman aiki a ƙasashen waje ba. Wani yana hangen asibitocin Saudiyya, wani Dubai, wani kuwa Ingila ko Kanada. Amma da yawa ba su san cewa takardar digirin nan da aka yi wa walima a gida, idan ta ƙetare iyaka ba ta da bakin magana ba, sai in hukumomi sun buga mata hatimi ɗaya bayan ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, a shekarar 1961 waɗansu ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan, cewa hatimi guda daga ƙasar da ta ba da takarda ya wadatar. Saudiyya ta shiga cikinta a 2022. Nijeriya ba ta ciki, saboda haka tilas ɗan Nijeriya ya bi doguwar hanya.

Hanyar tana farawa ne daga makarantar da mutum ya gama, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ce, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. Ofishin magatakarda ne zai tabbatar cewa lalle ɗalibinsu ne, ya kuma fitar da takardar sakamakon darussa. Daga nan sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja, sai sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Kowane ofis shaidar sa hannun na gabansa yake yi, don haka wanda ya tsallake ɗaya, baya za a komo da shi.

Ma'aikatan lafiya suna da ƙarin ɗawainiya. Likita ko nas sai ya samo shaida daga majalisar da ta yi masa rajista, kuma hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta Saudiyya takan sa kamfanin DataFlow ya tuntuɓi makarantar kai tsaye. A watan Fabrairu na 2024 Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya ta ce sai wanda ya yi aikin shekara 2 za ta tabbatar wa takardu, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas.

Wannan tsanani ba a banza ya zo ba. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna aji ba. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Laifin masu takardun jabu ya shafi masu na gaskiya.

To, amma abin da ya fi kayar da mutanenmu ba jabu ba ne, suna ne. Al'adarmu ce yaro ya shiga firamare da sunan garinsu, ya rubuta jarrabawar sakandare da sunan mahaifinsa, ya yi fasfo da sunan kakansa. A wannan takarda Muhammadu, a waccan Mohammed. Nan akwai Rawayya a ƙarshe, can babu. Haka kuma ranar haihuwa. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke zaune a Riyad bai san gidansu ba, mutum biyu yake gani. Gyaran kan bukaci rantsuwa a gaban kotu da sanarwa a jarida, kuma idan aka bari sai an kai Abuja aka gano, an yi asarar kuɗin mota da na masauki, ga haɗarin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa wadda kowa ya san halinta.

A nan ne dillalai suke samun shiga, suna cewa a ba su takardu da kuɗi su gama komai cikin kwana biyu. Wanda ya miƙa takardarsa ta asali ga mutumin da bai san ofishinsa ba, ya ba kura ajiyar nama. Idan kuma hatimin ya fito na jabu, mai takarda ne zai amsa, ba dillali ba.

Saboda haka shawararmu ga samari ita ce, tun kafin aiki ya samu, a shimfiɗa takardu duka a kan tabarma, daga ta sakandare har ta bautar ƙasa da fasfo, a duba suna harafi bayan harafi. A tambayi ofishin jakadanci abin da yake bukata, a biya kuɗi ta hanyar gwamnati, a karɓi rasit. Iyaye kuma da malaman firamare, su tsayar wa yaro suna guda tun ranar da aka rubuta shi a rajista.