Kukan da Na Ajiye Sai da Safe

A Afrilun 2020, lokacin korona, asibitocin Ingila sun hana dangi shiga. Wani dare a Manchester, ni na riƙe wa wani dattijo waya yana bankwana da 'yarsa ta bidiyo. Da ta ce, "Baba, ka yafe mini," wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Namu Baban na Zariya na tuna. Na ciji leɓe, takunkumi ya rufa mini asiri, na ja numfashi don kada hannuna ya yi rawa. Kukan nata ne, ba nawa ba.

Nawa sai da safe, cikin mota. Dauriyar da aka koya mana a gida jinkirta kuka ce kawai. Na share fuska, na kira Zariya: "Baba, ina kwana?"